Hutun Rabin Awa a Minneapolis

Hutun aiki rabin awa ne.
Na ci dafa-dukan jiya a tsaye cikin minti goma,
na ɗauki sauran mintocin na fita da su waje,
bayan gidan tsofaffin da nake yi wa wanka.
Ƙanƙara ta lulluɓe gilashin mota,
ta yi mini labule ban biya ba.
Na kunna hita, na jingina waya da sitiyari.

Likita ta fito, fuskarta ba ta fi kwalin ashana ba.
Wata mage tana ratsa kujera a bayanta,
ashe ita ma daga ɗakinta take.
Ta kira sunana, ta raba shi gida uku:
Ba, la, raba.
Na ce ni ce.

Ta ce, akwai mai jin mu?
Na duba baya: kujerar jariri, safa wari guda,
ɓurɓushin biskit, da takardar makarantar Mansura
da na manta ban sa wa hannu ba.
Na ce babu kowa.
Rabon da in faɗi haka, kuma ya zama gaskiya,
na manta.

Kina shan taba? A'a.
Hawan jini?
Na karanto mata lambobin da na rubuta a tafin hannu
da biro, daga injin kantin magani,
gumi ya fara cinye na ƙarshe.
Haihuwa nawa? Uku, biyu da wuƙa.
Ɗinkin yana ƙaiƙayi duk sa'ad da sanyi ya shigo.

Sai ta ce, ciwon kai fa?
Kafin ya zo, kina ganin walƙiya a gefen ido?
Na yi shiru.
Shekara bakwai ina ganinta, kamar fasasshen madubi,
ban taɓa gaya wa kowa ba,
na ɗauka gajiya ce ta sami launi.
Ta ajiye alƙalami.
Ta ce to, ba waccan ƙwayar ba, akwai wata
wadda jininki zai fi ɗauka.
Sai dai tana da ƙa'ida: kullum, lokaci guda.

Na ce bayan sallar asuba.
Har na faɗa kafin in tuna
asubar garin nan ba ta zama wuri ɗaya:
da rani ƙarfe uku da rabi, yanzu shida ta wuce.
Na yi dariya ni kaɗai, ta jira in gama.
Muka tsayar da tara na dare,
bayan an kwantar da yara,
kafin Tukur ya dawo daga rabon kaya.
Shi ne ma ya sa katinsa a manhajar,
ya ce, ke dai ki huta, hannuwanmu huɗu ne kawai.

Inna ta haifi goma sha ɗaya, ta binne huɗu.
Tana da wani guru da take ɗaurawa a ƙugu,
ta ce wata tsohuwa ta ba ta a Malumfashi.
Ina ƙarama na tambaye ta na mene ne,
ta ce maganin ciwon baya.
Sai da na yi tawa haihuwar na gane bayan.

Likita ta ce zai iso ranar Laraba, a ambulan marar suna.
Akwai tambaya?
Akwai, amma ba nata ba ne.
Na ce na gode. Fuskar ta ɗauke,
tawa ta bayyana a baƙin gilashi.

Saura minti huɗu.
Na goge lambobin da yawu,
na gyara kallabi,
na koma in juya Misis Halvorsen zuwa ɗaya gefen.